Wuƙar Baffa da Yatsan Mai Ita

Ka tare duk namijin da ka ga dama a garin nan, ka ce ya zazzage maka aljihunsa. Waya biyu za ka gani, da makullin mota, da katin banki, da wata 'yar igiyar caji da ta ƙudundune. Ka ce masa ina wuƙa? Sai ya ja da baya yana zare ido, a zatonsa ɗan fashi ne ya tare shi. Ƙato guda, ga gemu ga tumbi, a miƙa masa lemo sai ya hau waige-waige yana neman wanda zai fere masa. Da idona na ga wani a bakin masallacin unguwarmu, wai babban ma'aikaci ne, yana kokawa da ledar biskit da haƙori har hularsa ta faɗi ƙasa. Tir! Mu lokacin da muka taso, namiji ya fita ba hula a yi masa uzuri, amma ya fita ba wuƙa a aljihu, to sai an tambaye shi ko lafiya.

Wadda na yi rayuwata da ita ta mahaifina ce, mu Baffa muke ce masa, Allah ya jiƙansa. 'Yar wuƙa ce mai naɗewa, ruwanta bai wuce tsawon tafin hannu ba, ƙotarta ta ƙahon sa ce da gumin hannu ya mai da ita kalar zuma. Ba ta da wani maɓalli irin na waɗannan na kanti da ake dannawa su yi tsalle su tsorata yara. Ƙusa ce ɗaya tak ta jan ƙarfe ta ratsa ƙahon da gindin ruwan, ita ke riƙe da komai. In ƙusar ta matse, wuƙa ta tsaya cak a inda ka tsayar da ita. In ta saki, ruwan ya dinga girgiɗi kamar haƙorin tsoho, wata rana kuma ya rufo maka a kan yatsu. Tawa ta saki, kuma sakin bai dame ni ba, ƙarfe ne, dole wata rana ya gaji. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wanda za a ɗaure wa ita. Na tsufa, ƙafa ta ƙi, likita ya fara yi mini magana a hankali irin wadda ake yi wa wanda aka soma sallama. So na yi in miƙa ta ga babban ɗana yadda aka miƙo mini, kuma hakan ba ya yiwuwa sai ya taka da ƙafarsa ya bi ni maƙera. Iyakar abin da na roƙa ke nan.

Na san 'yan yanzu za su ce, to mene ne na sai ya je? A aika mana. Su ai komai aike ne, har gaisuwar mutuwa ta waya suke turawa. To ku saurara. Irin wannan wuƙa ba a ɗaure ta da awo, da yatsan mai ita ake ɗaure ta. Akwai 'yar tsaga a bayan ruwan inda farcen babban yatsa ke shiga. Maƙeri zai ɗan doki ƙusar ya miƙo maka, ka buɗe, ka rufe, ka mayar masa, ya ƙara, ya sake miƙo maka, har a zo daidai inda yatsanka zai iya buɗe ta amma sai ya ɗan sha wuya. Nan ake tsayawa. Shi ya sa a zamaninmu in ka ari wuƙar mutum, ka san ƙarfin hannunsa tun kafin ku yi musabaha. Duk wanda ya tsaya a gaban maƙeri aka ɗaure ta da yatsansa, tasa ce, ba sai an kira shaidu ba.

A wani zango muka taso can wajen Abaji, a bakin hanyar da ta gangara Lokoja. Lokacin nan duk inda waɗannan benaye na Abuja suke daji ne da duwatsu da ƙauyukan Gwarawa, sai matansu da ke wucewa da itace a kafaɗa. Baffa fataucin awaki da tumaki yake yi, ya koro su da ƙafa daga arewa, ya huta da su a gida su yi kumari, sannan ya gangara da su bakin ruwa. Gari na wayewa abin da za ka fara ji shi ne kukan awakin da suka ƙosa da turke, sai dukan sakwara daga gidajen maƙwabta, sai kuma huci na zugazugi daga rumfar maƙerin zango, fuu-fuu, kamar wani babban abu na barci a bayan gari. Yau me nake tashi da shi? Janareton maƙwabci, da ƙarar wata mota da ke ihu ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta. Aikina a lokacin shi ne yankan ciyawa, da ɗebo ruwa, da tukar igiya, da share garke, da wanke rigar Baffa ran Alhamis. Wankin nan shi na fi so, don sai an zazzage aljihu kafin a jiƙa riga, kuma wuƙar tana ciki. Sai in zauna a bakin rafi in sa farce a tsagar in ja, in ja, har idona ya kawo ruwa. Ko gezau. Baffa yana da wani babban yatsa mai faɗi kamar bakin ludayi, da shi yake danna haƙarƙarin rago ya faɗa maka ko kitse ne ko iska. Ya san ina gwadawa, don yakan ga farcena a fashe, amma bai taɓa ce mini kanzil ba. Abin da yakan ce kawai in na kawo masa ita shi ne, a rufe ake miƙa wuƙa, kuma gindinta ake miƙawa.

Sauran ƙa'idojinsa ba su da yawa. Ba a ɓanɓare abu da ita, ba a murɗa ta a cikin itace, ba a mayar da ita aljihu da danshi. Yanka kawai take yi. Da ita yake gyara bakin igiya, da ita yake tsaga kunnen akuya don shaida, da ita yake feƙe asawaki, da ita yake yanke wa Inna, wato mahaifiyata, zaren da ya sarƙe. Amma babban dalilin da ya sa bafataken dabbobi ba ya rabuwa da wuƙa shi ne mushe. Dabba takan faɗi a hanya ba sallama, kuma tsakanin nama da mushe ɗan lokaci ne ƙanƙane. In ka tsaya neman wuƙar yanka a cikin kaya, sai dai ka ja wa angulu.

Wata damina kurkunu ya kwantar da Baffa. Ƙafarsa ta kumbura suntum, yana kwance a zaure ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, ko bayan gida sai an tallafe shi. Inna kuwa tana da wani farin rago da ta yi shekara tana kiwo, da dusa da ƙanzo da ruwan tsari take lallaɓa shi, duk burinta na duniya a kansa yake. Ran nan da hantsi maza duk sun tafi gona, ragon ya tsinke igiya ya afka cikin ɓawon ɗanyen rogo da maƙwabta suka zubar. Kafin a ankara ya ci ya ƙoshi. Ina dawowa daga rafi na tarar da shi a ƙasa, ciki ya kumbura, kumfa na fita a baki, ido ya juye. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati, tana kiran sunayen mazan zango ɗaya bayan ɗaya, ba ko ɗaya a gida.

Na ruga zaure na ce, "Baffa, ragon Inna zai mutu!"

Ya ɗago kai ya leƙa ta ƙofa, ya ga abin da ke nan. Sai ya laluba aljihu ya cillo mini wuƙar. A rufe.

Inna ta ƙwala masa kira daga tsakar gida, "Malam, buɗe masa mana! Don girman Allah buɗe masa, zai yi mushe!"

Baffa ya mai da kansa kan matashi ya ce, "Ai ga ta nan a hannunsa."

Wallahi a ranar na ji haushin mutumin nan. Na durƙusa kusa da ragon na sa farce na ja, farcen ya karye. Na sake sa abin da ya rage. Inna na riƙe da ƙafafunsa ta juya shi alƙibla, tana kuka tana cewa, yi sauri ɗan nan, yi sauri. Na cije leɓe na danna naman yatsan gaba ɗaya cikin tsagar, na ji wani zafi ya tafi har gwiwar hannu, sai ruwan wuƙar ya motsa. Ya taso a hankali, da nauyi, har ya miƙe ya tsaya. Na yi bisimilla na yi kabbara na yanka. Jini ya yi tsartuwa, ragon ya yi shure-shure mai ƙarfi, shi ne shaidar an same shi da rai. Inna ta zube zaune a ƙasa tana hamdala da hawaye, ta yi asara amma ba duka ba. Ni kuwa ina tsugune, na rasa wanne ne jinin rago wanne ne na yatsana.

Baffa bai yabe ni ba. Su mutanen da can ba sa yabon ɗa a gabansa, ba kamar yanzu da yaro zai cinye abincinsa a tafa masa ba. Sai da ƙafarsa ta warke, wata safiya ya ce in biyo shi. Muka je rumfar maƙerin zango, wani baƙin dattijo mai jan ido da ba ya son magana. Baffa ya ajiye wuƙar a gabansa ya ce, "A sake mata ƙusa. Ga mai yatsan." Maƙerin ya dube ni sama da ƙasa, ya fitar da tsohuwar ƙusar, ya yanko sabuwa ya zura. Bai kusanci wuta ba, bai ɗauki babbar masaba ba. Wata 'yar ƙaramar guduma ya jawo daga ƙarƙashin buzunsa, ya ɗora kan ƙusar a gefen uwar maƙera, ya fara bi da bakin ƙusar a kewaye, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ba ya dukan tsakiya. Ya juya ɗaya gefen ya yi masa haka. Ya miƙo mini. Na buɗe da sauƙi, ya girgiza kai ya karɓa. Ya kama tsinin ruwan ya kaɗa shi hagu da dama a kusa da kunnensa, yana sauraro. Ya ƙara ƙyas, ƙyas. Haka muka yi ta yi, shi ya doka ni in buɗe, har aka zo inda sai na ɗan yamutsa fuska kafin ta tashi. Ya ɗiga mata man kaɗe, ya goge a gwiwarsa, ya miƙa wa Baffa. Baffa ya ƙi karɓa, ya nuna ni da haɓa. A hanyar gida ya ce mini, "Daga yau in ina son yanka wani abu, sai na ara." Kuma haka aka yi har ya koma ga Allah. Da haƙoransa suka zube, kullum bayan la'asar sai ya kira ni ya ce in ara masa wuƙata, ya yanyanka goronsa siri-siri, ya goge ta, ya naɗe, ya miƙo mini gindinta. Ban taɓa jin na kai mutum ba kamar a wannan lokacin.

Da ita na bi hanyar Baffa, da ita na ga daji ya zama gari, na ga an daina koro dabbobi da ƙafa an koma loda su a tirela kamar buhuna. Na ƙare a karar dabbobi ta Dei-Dei ina dillanci har ƙarfi ya ƙare. Na sa yara a makaranta duka, kuma sun yi karatu, ban ce ba su yi ba. Babban, sunan Baffa ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba, yanzu wani abu ne a wata ma'aikata, har da direba. Shi ya ɗauko ni ya ajiye a ɗakin baya na gidansa, ga fanka ga firij, ban rasa ci ba ban rasa sha ba. Amma kun san sau nawa ya taɓa wuƙar kakansa? Ranar da ya shigo a gurguje ya ce in ba shi wani abu mai tsini, na miƙa masa ina murna a raina, ashe murfin bayan rimot ne ya maƙale zai ɓanɓare. Ina kallo ya cusa ta ya murɗa. Na ji abin har cikin ƙashina. Da ma ta fara saki, daga ranar ta ƙarasa.

Na zaunar da shi na yi masa bayani tiryan-tiryan, tun daga ragon Inna har rumfar maƙeri. Yana jina yana gyaɗa kai, babban yatsansa kuwa yana kan gilashin waya yana shafawa. Yatsa sumul kamar na amarya, farce a goge har yana ƙyalli, wai akwai shagon da suke zuwa a yi musu. Da na gama sai ya ce, "Kai, Baba, wannan tarihi ne babba. Ka san me za mu yi? A sa mata gam ta tsaya a buɗe, a yi mata firem na gilas, a rataye a falo. Baƙi za su so ganinta."

Na ce, "Ita wuƙar ce za a rataye kamar hoton gwamna?"

Ya yi dariya ya ce, "To shi ke nan, Baba, ran Asabar in sha Allahu sai mu je."

Asabar ɗin Abuja! Wannan Asabar ɗaurin aure, waccan taron bita, ta gaba an tafi tarbar wani a filin jirgi. Ana cikin haka matarsa, da kyakkyawar niyya dai, ta sa aka kira mai walda na bakin titi. Yaro ya zo da baƙin tabarau a goshi, ya juya wuƙar ya ce, "Alhaji, wannan ai ɗigo ɗaya zan yi mata, ba za ta ƙara motsi ba har abada." Wuta a jikin ƙaho! Na karɓe abata na ce ya je ya ci gaba da liƙa ƙofofi, Allah ya ba da sa'a. Su yanzu gyara a wurinsu shi ne a kashe abu ya daina motsi.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na daina cin abincin gidan na yini guda. Nan da nan aka sa rana. Da safe Abba ya fito da shirinsa, sai waya ta yi ƙara. Ya koma gefe yana "yes sa, yes sa", yana rusunawa kamar mutumin na gabansa. Ya dawo ya ce, "Baba, ku yi gaba da Bitrus, zan leƙa ofis na minti kaɗan in same ku can da ɗaya motar." Bitrus shi ne direbansa, mutumin Filato, magidanci ne da furfura ta fara yi masa sallama. Ba ruwansa, sai dai surutu da waƙoƙin cocinsu da yake bi a hankali in yana tuƙi, ga Hausarsa da ba ta san mace ba ta san namiji ba. Mota ma "shi" ne, matarsa ma "shi" ne. Na sha gyara masa har na gaji na bar shi.

A bayan kara akwai wata rumfa da ake ƙera wa mahauta wuƙaƙe. Tsofaffin da na sani a wurin duk sun tafi, sai wani matashin maƙeri da ya gaji wurin, zugazuginsa ma na lantarki ne. Ya karɓi wuƙar ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana yaro, sannan ya tambaye ni ko ba gara in sayi sabuwa ba. Na nuna masa yadda za a yi, ƙaramar guduma, a kewaye, gefe da gefe, ba gaggawa. Hannunsa ba laifi, ya gane. Na ce amma kada ya fara, mai yatsan na nan tafe. Muka zauna a benci. Rana ta take, ƙudan kara suka yi mana caa, tireloli na sauke shanu, mahauta na zuwa suna karɓar aikinsu suna tafiya. Aka kira azahar, na je na yi na dawo, ba Abba. Har inuwa ta juya. Sai wayar Bitrus ta yi ƙara, ya miƙo mini ya ce Oga ne. Ƙarar injin wasa wuƙa ta hana ni ji, na dogara sanda na zaga bayan rumfar.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri, mitin ne ya riƙe mu, kuma ban ga alamar tashi ba. Ku gyara kawai ku taho da ita, ai duk ɗaya ne."

Na ce, "Ba ɗaya ba ne, Abba. Zan jira. In yau ba ta yiwu ba, mu dawo gobe."

"To, to, Baba, sai na kira." Ya kashe.

Na daɗe a tsaye a wurin ina kallon wata tinkiya da aka ɗaure a jikin taya, don ba na so su ga fuskata. Da na zagayo sai na ji ƙyas, ƙyas. Maƙerin ya gaji da jira, yana so ya rufe, ya ga ga mutum zaune da yatsu a hannu. Ina isowa yana ɗiga mata mai, Bitrus kuwa sai washe baki yake.

"Baba, an gama! Shi ya ce in gwada masa. Na buɗe shi, na rufe shi, na buɗe shi, na rufe shi, har ya ce ya isa. Duba, ba ya rawa kuma."

Na ce da maƙerin, "Ban ce ka jira ba?"

Ya ce, "Haba Alhaji, yatsa ai yatsa ne."

Ka ji fa. Maƙeri ɗan maƙeri, wai yatsa yatsa ne. Na karɓa na kama tsinin na kaɗa a kunnena, shiru, ta ɗauru yadda ya kamata, har ta fi yadda na zata. Na rufe na sa farce na ja. Ta ƙi. Na sake ja, ta ƙi, kamar ina bakin rafin nan da rigar Baffa a gabana. Na dubi hannun Bitrus, babban yatsa kamar turmin daka yaji, na mutumin da ya yi noman dankali kafin ya koyi kwance taya. Maƙerin ya ce in ina so a sassauta sai dai a huda ƙusar a fitar, amma ƙahon ya tsufa, bai ɗauki alkawarin ba zai tsage ba. Na ce ya bari. Muka taho, a hanya Bitrus ya ga fuskata ya bar waƙarsa.

Duk da haka ban fid da rai ba. Na ce jini ai ba wasa ba ne, wataƙila yatsan Baffa na nan ɓoye a cikin na Abba. In ya buɗe ta, ko da farce zai karye, tasa ce, in rufe bakina. Washegari da hantsi na same shi a baranda yana shan shayi, Bitrus na wanke mota a gefe. Na miƙa masa gindinta na ce, "Buɗe."

Ya ajiye kofi ya gwada sau ɗaya, a hankali, yana kaffa-kaffa da farcensa. Ya ce, "Kai, ta yi tauri." Sai ya laluba aljihu ya ciro makullin mota zai cusa a tsagar.

Na fizge. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce bari in yi masa abin da zai ji a jikinsa. Na ɗaga murya na ce, "Bitrus, zo nan." Ya taho yana goge hannu a wando. Na ce, "Da yatsanka aka ɗaure ta, a gaban maƙeri ka tsaya. Wuƙar ubana ce, da ita na yi yankan fari, ba ta taɓa kwana a aljihun bare ba. Ungo, taka ce."

Bitrus ya ja da baya ya ce, "A'a Baba, wannan na Oga ne, ni ba zan iya karɓa ba."

Ni kuwa ba shi nake kallo ba, Abba nake kallo. Jira nake ya tashi tsaye, ya ce haba Baba, wuƙar kakana? Jira nake ya yi fushi, ya ce a mayar maƙera yau ɗin nan ko ƙaho zai tsage. Ko zagina ya yi a ranar, wallahi da na ji daɗi.

Sai ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya, ya ce, "Karɓi mana, Bitrus, Baba ya ba ka. Gaskiya hakan ma ya fi, Baba. Da ma ina ta tunanin inda zan ajiye ta, ka san ba a shiga ofis da irin wannan, na'urar bakin ƙofa za ta yi ta kuka." Ya ɗauki kofinsa ya kurɓa.

Na yi shekaru ina raina mutanen garin nan, kuma har gobe ban fasa ba. Amma ran nan ba raini na ji ba, baƙin ciki na ji, irin wanda ban ji ba tun ranar da muka rufe Baffa. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, hannuna sai kai kansa aljihu yake yana dawowa.

Bayan la'asar na ɗauko goro. Haƙora sun ƙare, ba na iya shi sai an yanyanka. Na zauna da shi a hannu har na gaji, sannan na leƙa na kira Bitrus na ce, "Ara mini wuƙarka." Ya zo da sauri ya durƙusa, ya ciro ta, a rufe, ya miƙo mini gindinta. Ban taɓa koya masa ba, ashe duk shekarun nan yana kallo. Na ce, "Kuma kada in ji ka yanka abin da ba ma ci da ita." Ya yi dariya ya ce, "Baba, lemo da rake kawai." Na sa farce a tsagar na ja, na ja, ta ƙi. Ya bar ni na gwada har na haƙura don kaina, sannan ya karɓa ya buɗe ya ajiye mini a kan tabarma, ya koma bakin ƙofa ya ba ni baya har na gama.

Kullum yanzu haka muke yi bayan la'asar, in Oga bai aike shi ba.